Kifaye na haki a saman ruwa tun da aka fara sa wa tsirrai iskar CO2, ina matsalar take?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar tanki mai tsirrai.

Tankin gilashi ne mai cin lita 120. An dasa masa Rotala a baya, Monte Carlo a gaba, sai Anubias ɗaure a jikin itace. Kifayen ciki su ne tetra neon 20, Corydoras 6, Otocinclus 4, da jatan lande kaɗan. Silindar CO2 mai kilo 2 ce, da regileta mai rage matsin iskar mai agogo biyu, da solinoid, wato bawul na lantarki mai buɗe iskar da rufe ta, da kwalbar ƙirga kumfa, da ɗan farantin yumɓu mai farfasa iskar a cikin ruwa. Kumfa uku nake saki a daƙiƙa. Filta tana juya lita 800 a awa, kuma na nutsar da bakinta ƙasa sosai don kada saman ruwa ya motsa iskar ta tsere. Akwai murfin gilashi a kai. Zafin ruwa yana kai digiri 30 da rana. Fitila tana da agogon kanta, daga 12 na rana zuwa 8 na dare, shi kuma solinoid yana kan taima mai juyawa.

Tsirrai dai sun yi kyau. Amma daga la'asar sai tetra su taru a sama suna haki, Otocinclus su lafe a gilashi kusa da bakin ruwa, wani lokacin ma da asuba haka ake samun su. 'Yar kwalbar launi da ake kira dirof-ceka kore take nunawa, kore mai haske. Shin iskar ce ke kore oksijin daga ruwan? Kumfa nawa ya kamata a saki a tanki irin wannan?

Malam Mai Tetra ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu shiga bayani, ka rufe silindar yau daga bakinta, ka ɗage murfin gilashin nan, ka ɗaga bakin filta har ruwan sama ya riƙa rawa daga wannan bango zuwa wancan. In kana da famfon iska ka jefa dutsensa a ciki yanzu. Idan akwai kifin da ya fara jirkicewa ko kwanciya a gefe, ka canja kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, da ruwan da aka kashe wa kulorin, mai zafi daidai da na tanki. Kifin da CO2 ya buga yakan dawo hayyacinsa cikin minti 20 zuwa awa guda in an cim masa da wuri. Wanda aka bari ya kwana a haka, da wuya.

To, ga amsar tambayarka ta farko: a'a, CO2 ba ya korar oksijin daga ruwa. Kowace iska tana narkewa ne da nata lissafi, ruwa zai iya cika da oksijin kuma ya cika da CO2 a lokaci guda. Ɓarnar a cikin jikin kifin take faruwa. Kifi yana fitar da CO2 na jininsa ta gaɓar numfashi da ke gefen kansa, wadda muke ce wa kunne, kuma fitar ba ta yiwuwa sai in ruwan waje ya fi jinin ƙarancin iskar. Da zarar ruwan ya cika da ita, ta jinin ta rasa mafita, sai jinin ya yi tsami. Jini mai tsami kuwa ba ya riƙe oksijin da kyau. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Christian Bohr, shi ya bayyana wannan halin na jini a 1904, kuma a kifaye da yawa abin ya fi tsanani, domin jinin nasu ba ya ma iya cika da oksijin in tsamin ya yi yawa. Shi ya sa za ka ga tsirrai na ta fitar da ƙananan kumfa kamar an yayyafa musu lu'ulu'u, ruwa ya ƙoshi da oksijin, amma kifi na haki.

Matsala biyu ce gare ka, ba ɗaya ba, kuma lokacin hakin ne ke rarrabe su. Hakin la'asar na yawan CO2 ne, don a lokacin iskar ta yi awa huɗu ko biyar tana taruwa. Hakin asuba kuwa yawanci na ƙarancin oksijin ne. Da dare tsirrai ba sa yin abinci, numfashi kawai suke yi kamar kifin, su da ƙwayoyin halittar da ke cikin filta da ƙasar tanki duk suna jan oksijin. Ga zafi kuma. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe wajen miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 25 wajen 8.3, mai digiri 30 wajen 7.5, alhali zafin yana ƙara wa kifin buƙata. Tetra neon ma ya fi son digiri 22 zuwa 26, a 30 tun farko a takure yake.

Duka biyun tushensu ɗaya: ka kashe motsin saman ruwa. Wannan dabara ta nutsar da bakin filta don a yi tattalin iska ita ce ta fi kashe kifi a wannan harka, kuma ina ƙin jin ana ba sababbin shiga ita a matsayin shawara. Ka ɗauki tankin a matsayin bokiti mai huji da aka buɗe wa famfo. In hujin babba ne, ruwa zai hau zuwa wani waje da sauri ya tsaya cak, abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. In ka toshe hujin, ko da ɗiga famfon yake yi, sannu a hankali sai ya tumbatsa. Saman ruwa shi ne hujin. In yana motsi, CO2 zai hau zuwa inda kake so cikin awa biyu ya tsaya a nan har dare. In a kwance yake, iskar ba ta daina hawa, da tsakar rana ba ta isa ba, da la'asar ta wuce kima. Gwamma ka ƙarar da silinda da wuri ka sake cikawa.

Motsin da ake so shi ne rawar ruwa mai yawa ba tare da fantsama ba. Ka sa bakin filta santimita 2 zuwa 3 ƙasa da saman ruwa, ya ɗan kalli sama. Ka duba kuma ko akwai yanar maiƙo a saman, wadda ke ƙyalli in ka leƙa daga gefe. Tana hana musayar iska sosai. Ana ɗauke ta da takardar tishu a shimfiɗa a ja, ko a sayi 'yar na'urar da ke zuƙe saman ruwa. Murfi kuwa, in dole ne saboda kifi mai tsalle, a bar rata ko a koma raga. CO2 ya fi iskar ɗaki nauyi, yana kwanciya tsakanin ruwa da murfin, sai kifin da ya hau neman sauƙi ya tarar da abin da ya gudo.

Da dare ka sa famfon iska a kan taima, ya tashi da kashe fitila, ya mutu awa ɗaya kafin solinoid ya buɗe.

Abu ɗaya kada ya ruɗe ka. Corydoras ɗabi'arsa ce ya tsillo sama ya haɗiyi iska ya koma ƙasa, wannan ba alamar komai ba ce sai in ya yawaita. Ka fi sa ido kan Otocinclus, da jatan lande in sun fara iyo ba tsari ko hawa saman tsirrai, da dodon koɗi in ya taru a bakin ruwa. Sannan ka bar iskar a rufe kwana biyu. In hakin bai tsaya ba, ka gwada amoniya da naitarait, domin naitarait ma yana hana jini ɗaukar oksijin, kuma alamunsu kusan ɗaya ne.

Uwar Jatan Lande ta amsa:

Malam ya gama magana kan motsin ruwa. Ni tambaya ta biyu zan taɓa, ta kumfa nawa.

Ƙanena, ba wanda zai iya faɗa maka adadin kumfa. Girman kumfar ya danganta da faɗin bakin bututun kwalbarka, da matsin da regileta ke bayarwa, da ko ruwa ne a kwalbar ko mai. Bayan haka akwai nawa ne ya narke, nawa ya tashi sama ya fashe a banza. Kumfa uku a wajenka za ta iya zama ɗaya a wajen wani. Amfanin kwalbar guda ne: ka san ko yau daidai take da jiya. Abin da ake aunawa shi ne iskar da ta narke a ruwa, kuma abin da akasari ake nufa shi ne miligiram 20 zuwa 30 a lita.

Hanyar da ta fi inganci ita ce faɗuwar pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru. Ka ɗebi ruwan tanki a kofi mai faɗin baki, ka ajiye shi a buɗe awa 24 zuwa 48, ko ka sa masa dutsen iska awa guda, har iskar da ke ciki ta fice. Ka auna pH ɗinsa, ka rubuta. Wannan shi ne mafarinka. Ranar da za ka buɗe iska, ka riƙa auna pH na tanki duk bayan minti 30, tun daga buɗewa har rufewa, kana rubutawa. Faɗuwar maki ɗaya cif, kamar daga 7.6 zuwa 6.6, tana nufin CO2 ya ninka sau goma. Masu wannan harka suna ɗaukar cewa ruwan da ya huce a ɗaki yakan tsaya wajen miligiram 2 zuwa 3, don haka ninki goma ya kai ka 20 zuwa 30.

A nan ake buƙatar hattara, domin ma'aunin pH ba a miƙe yake tafiya ba. Kowace faɗuwar 0.3 ninki biyu ce. Daga faɗuwar 1.0 zuwa 1.3 ido zai ga tazara kaɗan, amma daga 30 ne zuwa 60. Ruwan gwaji mai launi da ake ɗigawa yana tsallake 0.2 ko 0.4 tsakanin launi da launi, kuma kuskuren 0.2 kaɗai ya haura kashi 50 cikin ɗari na iskar. Ka nemi alƙalamin pH na lantarki, ka saita shi da ruwan saiti mai lamba 7 da mai lamba 4 duk bayan mako biyu zuwa wata, kada kuma ka bar bakinsa ya bushe.

Akwai jadawalin da ke yawo na KH, wato ma'aunin yawan kabonet a ruwa, da pH. Lissafinsa shi ne a ninka KH sau 3, a ninka da 10 mai ƙarfin abin da ya rage in an cire pH daga 7. KH 4 da pH 6.6 suna ba da 30. Lissafin daidai ne muddin babu wani abu mai tsami a ruwan sai CO2. In akwai ƙasar shuka mai rage pH, ko itacen da ke sakin launin shayi, ko maganin saita pH mai fosfet, jadawalin zai nuna maka iskar da babu ita.

Sai dirof-ceka, wadda ka ce kore take. Me ka zuba a ciki? Da yawa ruwan tanki suke zubawa su ɗiga maganin launi, kuma wannan ya ɓata aikin tun daga tushe. Dole ne ruwan ciki ya zama mai KH 4 daidai, ba komai a cikinsa sai bekin soda, sannan a ɗiga maganin launin, wato bromothymol blue. Da haka ne shuɗi ke nufin iska ta yi kaɗan, kore wajen 30, rawaya ta wuce. Haɗa shi ba wuya. Ka auna giram 1.2 na bekin soda, ba bekin foda ba, a narkar a lita ɗaya na tataccen ruwa, wannan KH 40 ke nan. Ka ɗebi mililita 10 daga ciki da sirinji ka ƙara mililita 90 na tataccen ruwa, ka sami KH 4. Tataccen ruwan batir yana yi, amma ka tabbatar ba wanda aka gauraya da asid ba ne. A canja ruwan kwalbar duk wata.

Ko an haɗa ta daidai, tana makara. Iskar sai ta fita daga ruwan tanki ta ratsa 'yar iskar da ke wuyan kwalbar sannan ta shiga ruwan launi, abin da ke ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu. Launin ƙarfe huɗu labarin ƙarfe biyu yake ba ka. Kore mai haske da ka gani ya riga ya kama hanyar rawaya. Kada kuma ka manna ta saitin inda kumfa ke tashi, ka kai ta bangon da ya fi nisa da farantin, ka duba launin da farar takarda a bayanta.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ruwan tanki ne a kwalbar launin. Bayan rufe iska da ɗaga filta hakin ya tsaya, amoniya da naitarait sifiri. KH 5 ne. Ruwan da ya huce a kofi pH 7.7, kuma abin da na auna da la'asar kafin na rufe 6.4 ne. Daga ina zan sake farawa? Sannan ana yawan ɗauke wuta a unguwarmu, ko wannan na da hannu a ciki?

Uwar Jatan Lande ta amsa:

Faɗuwar 1.3 ke nan, wajen miligiram 60 a lita, ninki biyu na abin da ake so. A KH 5, pH 6.7 shi ne 30, 6.8 wajen 24, 6.9 wajen 19. Da wannan zafin, ka nufi 6.9 tukuna.

Ka zaɓi ranar da za ka wuni a gida. Ka fara da kumfa ɗaya a daƙiƙa, solinoid ya buɗe awa biyu kafin fitila, ya rufe awa ɗaya kafin ta mutu. Abin da kake nema a takardarka shi ne pH ya sauko ya isa inda kake so daidai lokacin kunna fitila, sannan ya tsaya a nan. In ya ci gaba da zamewa har yamma, motsin sama ne bai isa ba, ƙara shi. In ya tsaya amma bai kai ba, ka ɗan murɗa bawul ɗin allura, murɗa ƙarama wadda da kyar ido zai gani, sau ɗaya a rana, da safe. Kada ka taɓa shi da yamma ko kana shirin fita. Ka ba kowane mataki kwana biyu ko uku, kifi yana sabawa da ƙarin CO2 in an bi shi a hankali.

Kada kuma ka zuba maganin ɗaga pH don ka ga 6.8. Saukar da CO2 ke jawowa ba ta cutar da kifi, yawan iskar ne ke cutarwa. In ka ɗaga KH, lambar ce za ta canja, iskar tana nan yadda take.

Injiniyan Gas ya amsa:

Ɗauke wuta na da hannu ƙwarai, ɗan'uwa, kuma a nan gizo ke saƙar ga duk mai wannan harka a ƙasarmu.

Taima mai juyawa mota ce ƙarama ke juya ta. An ɗauke wuta ta tsaya, an kawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Awa huɗu babu wuta, ta koma baya da awa huɗu. Fitilarka kuwa ka ce tana da agogon kanta. In irin mai riƙe lokaci ne, cikin kwana biyu ko uku sun rabu: fitila ta mutu ƙarfe 8, solinoid yana ta zuba iska har tsakar dare a cikin duhu, lokacin da babu ganye ɗaya da ke shan ta. Ina kyautata zaton wannan na cikin dalilan hakin asuba. Ka sayi taima ta dijital mai batir a ciki, ka riƙa duba agogonta duk mako.

Shi solinoid a rufe yake in babu wuta, wannan alheri ne. Amma ka kula da yadda ka rarraba layi. Kada solinoid ya zauna a kan inbata ko sola alhali filta tana kan wutar gari, sai iska ta yi ta shiga ruwan da ba ya motsi. Su biyun layi ɗaya, in filta ta mutu iska ta mutu. Akwai kuma filtar da in wuta ta dawo ba ta jan ruwa sai an taimaka mata, musamman mai ratayewa a bayan tanki in ruwa ya ja baya. Ka gwada taka: zare filogi, jira minti biyar, mayar, ka ga ko za ta tashi da kanta. Abin da ya kamata ya samu wuta ko da yaushe shi ne famfon iska. Akwai mai batir a ciki da ke kunna kansa da zarar wuta ta tafi, ga tanki irin naka ya fi kowane kayan ado muhimmanci.

Sai regileta. Agogo biyu ba shi ne mataki biyu ba, masu sayarwa suna yawan haɗa su. Agogo ɗaya na nuna matsin silinda, ɗayan matsin da ke fita. Mataki biyu kuwa ginin ciki ne, ana rage matsin sau biyu. Ga dalilin da ya sa ya dame mu. CO2 a ruwa-ruwa yake a cikin silinda, kuma muddin akwai sauran ruwan, agogo ba ya motsi sai da zafi: a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), wajen ba 57 a digiri 20, ba 64 a digiri 25, ba 72 a digiri 30, wato daga psi 830 zuwa sama da 1,000. Ranar da ruwan ya ƙare sai allura ta fara sauka. Regileta mai mataki ɗaya, musamman mai araha, matsin fitarta hawa yake yi yayin da na silinda ke sauka, sai kumfa ɗaya ta zama uku ko biyar ba wanda ya taɓa komai. Tankuna da yawa a haka suka mutu cikin wuni guda. In mai mataki ɗaya ce taka, da ka ga allurar ta fara sauka ka shirya cikawa, kada ka bari ta yi ƙasa da ba 35, wato psi 500.

Zafinmu na Maris zuwa Mayu yana ƙara dagula karatun agogon. Sama da digiri 31, CO2 ba ya zama ruwa komai matsi, don haka a ɗaki mai zafi allurar cikakkiyar silinda tana hawa sosai da rana ta sauko da dare. Sikeli ya fi agogo gaskiya. An buga nauyin silinda ba komai a kafaɗarta, ka auna ka cire, abin da ya rage shi ne iskarka. Kada ka yarda a cika maka fiye da kilo 2 da aka rubuta, kada ka bar ta a rana ko a but ɗin mota, kada ka kwantar da ita tana aiki don ruwan zai shiga regileta. Ka ɗaure ta a tsaye. Kilo 2 in ya fice gaba ɗaya ya haura lita 1,000 na iska, a rufaffen ɗaki mai mita uku ta kowane gefe wannan kashi 4 cikin ɗari ne, ya isa ya cutar da mai barci. A tabbatar kuma CO2 zalla aka zuba, ba gaurayen agon na masu walda ba.

Ƙananan abubuwa da ake rainawa: washa tsakanin silinda da regileta a sabunta ta in ta lotse, kuma zaren ya dace, na Amurka CGA320 ne, na Turai W21.8, ba sa shiga juna. Bayan ɗaurewa da sifana a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a duba kumfa. Tiyo ya zama na CO2, na silikon yana zurarar da iska. A sa bawul mai hana ruwa komawa tsakanin tanki da kwalbar kumfa, in ba haka ba da dare ruwa yana bin tiyo ya shiga solinoid ya yi tsatsa, wata rana ya maƙale a buɗe. Duk mako ka zare filoginsa ka tsaya ka ga kumfa ta tsaya cikin 'yan mintuna. Farantin yumɓu in gansakuka ta toshe shi a jiƙa a bilic mai ruwa-ruwa, a ɗauraye sosai da maganin kashe kulorin. Bayan wankewa yana narkar da iska fiye da da, don haka ranar a sake auna pH.

Malam Mai Tetra ya ƙara:

Injiniya ya tuna min wani abu. Ko an saita komai, ma'aunin yana gocewa da kansa. Soson filta ya toshe, motsin sama ya ragu, iska ta hau. An yi wa Rotala aski mai yawa, masu sha sun ragu, iska ta hau. An cika tanki bayan ruwa ya ja baya, bakin filta ya nutse, haka nan. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan a duba pH da yamma.

Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana sauke zafi digiri 2 zuwa 3 a busasshiyar iska irin ta bazara, ka sa ta. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, kuma in da ruwan famfo kake cikewa kullum, KH zai riƙa hawa, lambobin da Hajiya ta ba ka su tashi aiki. A cike da tataccen ruwa, ko a sake auna KH da ruwan kofi duk wata. Ruwan rijiyar burtsatse kuma sau da yawa yana fitowa da CO2 mai yawa da oksijin kaɗan, a bar shi ya kwana da dutsen iska kafin a zuba.

Sabon kifi kada a sake shi cikin tanki da tsakar rana. Daga ruwan shago yake, bai san wannan iskar ba. A rufe solinoid wunin ranar duka, washegari a buɗe ana kallo.

Uwar Jatan Lande ta ƙara:

Malam, ni a nan zan ɗan tsaya kan lambar 30 da kowa ke ambata. Ta fi dacewa da tankunan da ke digiri 23 zuwa 25, masu fitila mai ƙarfi da kifi kaɗan. Ba dole ba ce. Anubias, wanda asalinsa ma daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, ba ya buƙatar ƙarin iska ko kaɗan. Monte Carlo da Rotala suna tafiya lafiya a 15 zuwa 20 in an rage hasken fitila kuma ruwa yana zagayawa har ƙasa. Ƙarfin fitila ne ke sa tsiro yunwar CO2, don haka a watannin zafi a rage haske zuwa awa shida ko bakwai, a tsaya a faɗuwar 0.7 ko 0.8, sai sanyi ya shigo a ƙara in ana so.

Ga masu karantawa da ke haɗa tasu iskar da sukari da yis a robar lemo: ba ta da makunni, kuma zafi yana ninka aikinta, daren zafi ta fi ƙarfi. Ba a toshe ta, robar fashewa za ta yi. Da dare a zare tiyon daga tanki ko a kunna famfon iska. A sa roba ta biyu mai rabin ruwa tsakaninta da tanki don ta tare kumfar yis, domin in ruwan sukarin ya shiga tanki zai yi fari cikin sa'o'i, ƙwayoyin cuta su shanye oksijin. Wannan hanya ta ƙananan tankuna ce, lita 60 zuwa ƙasa.

Ƙanena, in ka yi wunin awon, ka kawo lambobin yadda ka rubuta su, da lokacin kowanne da zafin ruwan, a duba ko layin ya tsaya bayan kunna fitila.